Yaron ya gama shabab: ya zauna a benci ko ya tafi aro Yelo?

Abu_Basiru_Mansur: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don abin ya tsaya mini a rai. Ɗan ƙanena marigayi ne, a hannuna ya tashi, mai tsaron baya ne. Tun yana shekara 12 yake wani kulob a nan yankinmu, ya bi bara'im, ya bi nashi'in, bana ya gama shabab, wato rukunan yara da matasa na kulob bisa shekaru. Shekararsa 19. Sun kira mu sun ce za su ba shi kwantiragi ya riƙa atisaye da manya, amma mudir ɗin, wato manajan kulob, bai ɓoye mana ba, a gurbinsa akwai baƙi biyu da wani ɗan ƙasa da ya ba shi shekara goma. Ana cikin haka sai ga wani kulob na Yelo, wato gasar da ke ƙasa da babbar gasar Saudiyya, can kudu yana so a ba shi aron yaron kaka ɗaya. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, garin da nisa, kuma yaron nan bai taɓa kwana bakwai a wajen Makka ba sai da mu. Uwarsa ta ce atafau ba inda za shi. Shi kuwa ko na tambaye shi sai ya ce "duk yadda kuka ce, Baffa." Waɗanda suka san harkar nan, me kuka gani?

Ittihadawi_77: Wa alaikumussalam. Ya tafi. Magana ta ƙare.

Koci_Hawari: Alhaji Abu Basiru, Allah ya saka muku da riƙon maraya. Ni shekarata ta 16 ke nan ina horar da yara a filayen unguwa a Jidda, kuma da yawa daga hannuna suka shiga kulob. Abin da na lura, yaro ba ya lalacewa yana ɗan 14, a nan kowa na son sa, kowane mako yana da wasa. Tsakanin 19 da 22 ne ake rasa su. Wasan shabab da na manya suna ɗaya ne kawai, tamaula. A shabab in ɗan baya ya yi kuskure, saurin ƙafarsa zai rufa masa asiri. A manya, ɗan gaban da ke gabansa ya shekara goma yana cin abinci da kuskuren irinsa, ya san lokacin da zai dafa masa kafaɗa alƙali bai gani ba, ya san yadda zai ja shi ya bar gurbi. Wannan ba a koyon sa a atisaye, don a atisaye ba wanda albashinsa ya rataya a kan ƙwallon. Sai a wasan da in an ci ku shugaban kulob zai sauko ɗakin canza kaya yana faɗa. Yelo akwai wannan har ya yi yawa. Ku duba Firas Al-Buraikan, a Nasr ya tashi, bai samu wuri ba, ya koma Fatah a 2021, can ya riƙa zura ƙwallaye har Ahli ta zo ta ɗauke shi a 2023. Da ya nace wa zaman Riyad, wa ya san inda yake yau?

Zaki_Nasrawi: Koci, da girmamawa, amma ba na tare da ku gaba ɗaya. Yaron da kullum yake tare ɗan gaban da ya buga gasar zakarun Turai a atisaye, ka ce bai koyi komai ba? Ga likitoci, ga abinci, ga fili kamar darduma. Can kudu wa zai kula da shi?

Koci_Hawari: Zai koya mana. Wanda ke zaune kusa da direba ma yana koyon hanya. Ba shi sitiyari a cunkoson gadar Kubri Murabba ta Jidda da yamma ka gani.

Ummu_Faisal: Ku bari in yi magana a madadin iyaye mata, tunda na ga duk maza ne ke ta yanke hukunci. Nawa ɗan ya yi irin wannan zaman, kaka biyu cur. Ranar wasa tun la'asar zai yi wanka, ya sa turare, ya ɗauki jaka. Mu kuma mu taru gaban talabijin har da maƙwabta, a dafa shayi. Kyamara in ta haska benci sai ƙannensa su yi ihu, ga Yaya, ga Yaya! Iyakar abin ke nan. Wata rana ya dawo da rigarsa a jaka, na ciro zan wanke, na shinshina, ƙamshin sabulun wancan makon ne a jiki. Na tsaya da ita a hannu ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Duk da haka na jiƙa ta na shanya, don kada ya ga ban wanke ba ya gane na lura. Daga baya har kunyar fita unguwa yake, don yara na tambayar sa yaushe za a sa shi. Saboda haka na fahimci tsoron mahaifiyar yaronku, Alhaji, amma ku gaya mata zaman kusa ma yana da nasa ciwon.

Bint_Hindawiyya: Gwaggo kin sa ni kuka wallahi. Yanzu yana ina?

Ummu_Faisal: Yana aiki a wani kamfanin jigilar alhazai, ya yi aure, alhamdulillah. Da azumi yana buga gasar unguwa, a nan ne yake dariya.

Ittihadawi_77: Ai lissafi ne mai sauƙi. Tun kakar 2024 kulob na iya rajistar baƙi 10, takwas su shiga fili. Goma sha ɗaya a cire takwas saura nawa? Uku. Gurbi uku ne 'yan ƙasa ke kokawa a kai, manyansu da yaransu. Har raga an ba baƙi, Bono a Hilal, Mendy a Ahli. Mancini ma, tsohon kocin tawagar Saudiyya, kafin ya tafi abin da yake ta kuka da shi ke nan, 'yan wasansa ba sa buga wasa a kulob ɗinsu. To in ɗan tawagar ƙasa yana benci, ina ga ɗan Alhaji?

Zaki_Nasrawi: Kai da kake kuka da baƙi, da Benzema ya sauka Jidda wa ya cika mana waya da hotuna?

Ittihadawi_77: Wannan daban. Ronaldon ku ne ya fara buɗe ƙofar.

Mai_Kula_da_Zaure: Don Allah a bar Nasr da Ittihad a waje. Bawan Allah shawara ya nema.

Tsohon_Lamba5: Ni na yi aro, bari in ba ku ɗaya gefen, don na ga ana ta yabon sa kamar zuma. Ina ɗan 20 aka tura ni wani kulob, ba zan faɗi suna ba. Kocin da ya nemi a kawo ni, wasa huɗu aka yi aka sallame shi. Wanda ya gaje shi ya zo da nasa mutanen, ya ce shi ba zai gina ɗan wani ba, don ƙarshen kaka zan koma inda na fito. Kulob ɗina na asali kuwa, daga ranar da na hau mota ba wanda ya sake buga mini waya. Albashi ya yi wata uku bai shigo ba. Mu huɗu a ɗaki ɗaya, abincinmu burodi da ful safe da dare, sai ranar da wani mai hali ya yi mana kabsa. Da aka tashi sa ni wasa, bayan wata biyu ban buga ba, minti na ashirin da wani abu na juya zan bi ɗan gaba, takalmi ya kafe a ƙasa, gwiwa ta tafi. Na ji ƙarar da kunnena, kamar an karya rake. Jijiyar gwiwa ce ta tsinke. Daga nan aka shiga turereniya, wannan kulob ya ce wancan ne zai biya aiki, wancan ya ce a wajenku ya ji ciwo. Sai da yayana ya sayar da motarsa.

Ban ce kada ya tafi ba. Cewa nake aro iri biyu ne, akwai wanda ake tura yaro don ya girma, akwai wanda ake tura shi don a huta da ganin sa. Ku gano wanne ne naku.

Koci_Hawari: Wannan gaskiya ce tsantsa, Lamba 5. Allah ya sa kaffara ne.

Abu_Basiru_Mansur: Subhanallah. To ɗan'uwa, yaya mutum zai gane bambancin?

Tsohon_Lamba5: Ku tambayi wa ya nemi yaron, koci ne ko dillali. In koci ne, ku ce kuna son magana da shi baki da baki, ku ji ko ya taɓa kallon wasan yaron, ku ji a wane gurbi zai sa shi. In ya fara kame-kame kun samu amsa. Sannan ku tambayi kulob ɗinku sunan mutumin da zai riƙa bibiyar sa, mutum guda mai suna da lambar waya, ba "idara za ta kula" ba. Idara, wato hukumar kulob, ba ta ɗaukar waya.

Malam_Takarda: Ƙari a kan haka, komai a rubuce. Wa ke biyan albashi, kashi nawa kowane kulob, wa ke da alhakin magani in ya ji rauni, masauki, da ko kulob ɗinsa na da damar dawo da shi a tsakiyar kaka in ba a sa shi wasa. Kuma kada ya tafi aro sai ya fara sa hannu a kwantiraginsa na gida, wanda ya wuce tsawon aron. Wani abin da iyaye ba su sani ba: a dokar FIFA yaron da bai kai 18 ba ba a ɗaure shi da kwantiragin da ya wuce shekara 3, kuma ba a kai shi wata ƙasa sai da wasu 'yan sharuɗɗa. Naku ya wuce nan, yanzu za su iya neman har shekara 5. Kada ku yi saurin murna da doguwar takarda a kan ƙaramin albashi. Haka nan in an sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, akwai kashi 5 cikin 100 na kuɗin da ake raba wa kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Ina faɗa ne don ku san ba alfarma kaɗai suke muku ba, su ma jari suka zuba. Ku zauna da su kai a ɗage.

BaKano_a_Riyad: Ahmed Musa ma ai ta wannan dokar ya bi. Ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars yana yaro, kulob ɗin Holan ya so shi, sai da aka jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga musu. Abin lura a nan, kafin ya je Turai ya riga ya sha gwagwarmaya da manya a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano, gaban 'yan kallon da ba sa yafiya. Shi ya sa da ya zo Nasr a 2018 ba abin da ya ba shi tsoro.

Dan_Maiurno: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni daga Sudan nake, yaƙi ne ya kawo ni Jidda. Ina karanta ku ina murmushi, don matsalarku ta masu wadata ce. A Omdurman yaro daga rawabiɗ yake fitowa, wato gasar unguwanni, fili ƙasa ce zalla, ana zana layi da farar ƙasa. Ba wani shabab mai likita. Ɗan 16 in yana da ƙafa, kulob ɗin daraja ta uku zai ɗauke shi ya jefa shi cikin magidanta masu 'ya'ya huɗu, ko ya yi iyo ko ya nutse. Da yawa sun nutse, ban musa ba, amma wanda ya fito ba ya tsoron kowa. Daga nan daraja ta biyu, ta ɗaya, sai Hilal ko Marrikh, manyan kulob ɗin Sudan, su hango shi. Tsani ne, ana taka shi ɗaya bayan ɗaya. Tun 15 ga Afrilun 2023 tsanin ya karye. Hilal da Marrikh kansu sai da suka je Muritaniya suka buga gasar can, to ina ga yaran unguwa? Akwai wani yaro da nake horarwa, mai tsaron raga, dogo, hannunsa kamar faranti. Rabona da labarinsa tun suna gudun hijira zuwa Gadarif. Alhaji, yaronku na da kulob biyu da ke son sa. Ku gode wa Allah, ku bar shi ya je inda zai yi gumi.

Ummu_Faisal: Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya haɗa ka da yaron nan da alheri.

Ittihadawi_77: Amin ya Rabbi.

Bint_Hindawiyya: Tunda an zo maganar wanda ke da dama da wanda ba shi da ita, ni tambayata ga Baba Abu Basiru, yaron ɗan ƙasa ne ko mawalid, wato waɗanda aka haifa a nan amma ba su da takardar zama 'yan ƙasa? Don yayana a nan aka haife shi, a nan aka haifi babanmu, amma igama gare mu, wato takardar izinin zama ta baƙi. Duk gasar azumi shi ke ɗaukar kofin gwarzo. Lokacin da aka buɗe wa mawalid ƙofa ya je gwaji, suka yaba, amma gurbin ƙalilan ne, ga shi takardunsa sun ƙare ana ta fama da sabuntawa. Kafin a gama shekarunsa sun wuce. Ana ta cewa Hausawi sun cika tawagar ƙasa, Usama da Umar da Mu'utaz duk sun je gasar kofin duniya a Rasha a 2018, gaskiya ne, muna alfahari. Amma a bayan kowane ɗaya akwai yaran unguwannin Mansur da Hindawiyya da ba su ma kai bakin ƙofar ba.

Abu_Basiru_Mansur: Ɗan ƙasa ne, 'yata, kakansa ya samu tun da daɗewa. Amma abin da kika faɗa na gan shi da idona. Abokinsa da suka taso tare, wanda kowa ya san ya fi shi ƙwallo, yanzu lemo yake sayarwa.

Koci_Hawari: Kuma tunda an ambaci Usama Hausawi, ku dubi hanyarsa. A Wahda ta Makka ya fara, ya buga wa manyansu sosai, sai 2008 ya koma Hilal yana da shekara 24. Ya je da ƙafarsa a shirye. Shi ɗin ma da ya je Anderlecht a 2012 bai samu wasa ba, bai tsaya ɓata lokaci ba ya dawo Ahli. Kyaftin guda ke nan bai yarda da benci ba.

Zaki_Nasrawi: To ai aron ma ba tabbas. An manta 2018 da aka kwashi 'yan wasa tara aka kai Sifaniya? Salim Dausari wasa ɗaya ya shiga a Villarreal, da Real Madrid, shi ma daga benci. Yahya Shahri ko minti ɗaya bai buga wa Leganes ba.

Koci_Hawari: Ka taimake ni da kanka. Wancan aro ne zuwa sama, inda ba a buƙatar su. Ni ina maganar aro zuwa inda in bai buga ba kulob ɗin ne zai ji a jikinsa.

BaKano_a_Riyad: Wani abu da ke ɗaure mini kai, ƙasashenmu biyu duk gwanayen kofin yara ne. Najeriya ta ɗauki na 'yan ƙasa da 17 har sau biyar, tun daga 1985. Saudiyya ta ɗauka a 1989 a Sikotlan. Kwanan nan ma ta ci na Asiya na 'yan ƙasa da 19 a 2018, ta ci na 'yan ƙasa da 23 a 2022 ba a zura mata ko ɗaya ba. Ina yaran suke tafiya bayan an sauke kofi?

Ittihadawi_77: Na 1989 ɗin har yau Sikotawa ba su daina ƙorafin gemun yaranmu ba 😂

BaKano_a_Riyad: Kai dai bari, mu ma ba mu da bakin magana. Sai da aka fara hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru a 2009 aka ɗan samu sauƙi. Kuma illar a nan take fitowa, wanda ya rage shekara huɗu zai yi ta taka yara a shabab, ranar da ya shiga manya sai a ga ashe ya riga ya gama girma, ba sauran abin ƙarawa.

Mai_Kula_da_Zaure: An fara nisa kuma. A dawo kan yaron Alhaji.

Malama_Safiya: Ba wanda ya tambayi karatu. Ya gama sanawiyya, wato sakandare? In ya gama, ko ya tafi ko ya zauna, a yi masa rajistar karatu daga nesa, ko difloma ce. Atisaye awa biyu ne zuwa uku a rana. Sauran awoyin fa? Yaro shi kaɗai a garin da bai san kowa ba, da waya a hannu da kuɗi a aljihu, kwana zai riƙa yi yana wasan PlayStation, ya yi barci bayan asuba. Ba ƙwallon ce ke ba ni tsoro ba, zaman banzan da ke kewaye da ita ne. Lamba 5 ya gaya muku yadda gwiwa ke tafiya cikin daƙiƙa ɗaya.

Tsohon_Lamba5: Malama ta faɗi abin da na so a gaya mini ina ɗan 19. Sai da na kai 27 na koma aji.

Dan_Maiurno: Kuma a samo masa babba a cikin ƙungiyar. A wajenmu sabon yaro ba ya shiga sai an damƙa shi hannun wani tsohon ɗan wasa, shi zai nuna masa inda zai zauna a mota, ya hana a mai da shi ɗan aike fiye da kima, in ya yi kuskure a fili ya daka masa tsawa, in an fito ya ja shi shan shayi. Koci na da mutum talatin a kansa, ba zai iya wannan ba.

Abu_Basiru_Mansur: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha na ɗauki yaron a mota, mu biyu kawai, muka nufi wajen Shara'i, na kashe rediyo na ce yau ba "duk yadda kuka ce", ka faɗa mini naka. Ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce sati uku da ya yi yana atisaye da manya, in an raba ƙungiya biyu shi ake sa wa riga mai launi dabam ya tsaya gefe, sai wani ya gaji a kira shi. Ya ce ko sunansa kocin bai riƙe ba, da lamba yake kiran sa. Ya ce yana son tafiya, tsoron ɓacin ran uwarsa ne ya hana shi faɗa.

Na karanta wa uwar abin da Hajiya Ummu Faisal ta rubuta. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta dai tambaya ko akwai Hausawa a garin.

Zaki_Nasrawi: Ni dai har yanzu ina ganin a gwada rabin kaka a gida tukuna. Kasuwar Janairu na nan, in bai samu wasa ba sai ya tafi.

Koci_Hawari: A Janairu kulob ɗin da ke neman ɗan baya mai neman tsira ne, gogagge zai nema, ba yaron da ya yi wata biyar a zaune ba.

Malam_Takarda: Alhaji kun samu magana da kocin can kuwa?

Abu_Basiru_Mansur: Na nemi lambarsa, wanda ya kawo maganar ya ce zai turo. Yau kwana biyu.

Tsohon_Lamba5: Hmm. Ku ba shi zuwa Alhamis. In bai turo ba ku nema ta wata hanya, kada ku sa hannu a komai kafin nan.

Ummu_Faisal: Alhaji ku turo mini sunan garin ta akwatin sirri. Akwai 'yar ƙanwar mijina da ke aure can kudu, in garinsu ne ko kusa, sai in haɗa ta da mahaifiyar yaron su yi magana.